Tsofaffin Motocin Amurka: Yadda Ake Karanta Abin Da Ke Jikin Ƙarfe

(Kiɗan buɗe shiri, sannan a sassauta)

Gaisuwa ga manoman rani na Madobi da Kwankwaso da Kubarachi, da 'yan'uwanmu na Kura da Bunkure da Kadawa, musamman wanda ya rataye rediyonsa a reshen maina yana ban ruwa. Gaisuwa ga kanikawa da yaransu da ke kwance a ƙarƙashin mota a wannan lokaci. Allah ya yi wa sana'a albarka.

Yau hirarmu a kan tsofaffin motocin Amurka ce da injinansu. Na san wani zai ce, Malam, ina ruwan mai noman tumatir da motar Amurka? To ka ɗan ba ni aron kunnenka.

Bara waccan na tsaya a wani gareji ana yi mini faci, sai na hangi 'yan gwangwan sun taru a kan wata tsohuwar a-kori-kura, suna farfasa ta da guduma da kurfi, ga sikeli a gefe. Na matsa na leƙa. Injin mai silinda shida ne a jere, amma ya karkata gefe guda kamar mutumin da ya jingina da bango. Na tambayi saurayin da ya sayar da ita, na ce, "Samari, wace irin mota ce wannan?" Ya ce, "Wallahi Baba, ta tsohonmu ce. An dai ce ta Amurka ce." Iyakar abin da ya sani ke nan game da motar da mahaifinsa ya ciyar da su da ita. Ɗan faifan ƙarfen da ke ɗauke da sunanta da lambarta kuwa tuni an ɓamɓare shi an jefa cikin tarkace. Abin ya tsaya mini a rai har yau. Zan dawo kan wannan injin mai jingina, domin yana da suna, kuma da kallo ɗaya ake gane shi.

Kafin nan, mu duba bakinmu. Duk babbar motar da ke ture ƙasa muna ce mata katafila. Wannan suna ne na kamfani, Caterpillar, wanda aka kafa a Amurka a 1925. Duk motar da ke ratsa yashi da kwazazzabo muna ce mata jif, daga Jeep, motar da sojojin Amurka suka yi Yaƙin Duniya na Biyu da ita. Kalmomin sun zama namu har mun manta baƙi ne. Dattawan wannan yanki sun ga aikin manyan injina da idonsu lokacin da aka gina madatsar ruwa ta Tiga a zamanin Gwamna Audu Bako, aka kammala ta a 1974, aka yanka babbar hanyar ruwa da ƙananan rassanta zuwa gonakin Kadawa da Kura da Bunkure. Shinkafa da alkamar da muke nomawa da rani, a kan ƙasar da ƙarfe ya baje muke noma su.

To ina labarin ya faro? A watan Oktoba na 1908 Henry Ford ya fito da mota mai suna Model T a birnin Detroit. Kafin ita mota abin masu hannu da shuni ce. A 1913 ya tsara aiki yadda motar ce ke tafiya a kan layi, kowane ma'aikaci yana tsaye wuri guda yana ɗaura abu ɗaya. Farashi ya yi ta sauka, daga dala 850 har ya kai dala 260 a 1925. Da aka daina ƙera ta a 1927, an yi fiye da miliyan 15. Injinta silinda huɗu ne, ƙarfin doki 20. Direban yau idan aka ba shi ita ba zai iya tayar da ita ba, domin toturinta a jikin sitiyari yake, da hannu ake ja, kuma a cikin abubuwan takawa uku da ke ƙasa, na tsakiya na komawa da baya ne. Lambar da aka buga a jikin injin, a ɓangaren hagu, ita ce lambar motar baki ɗaya. Da ita masana ke faɗin shekarar da aka ƙera ta, har da watan.

Kishiyar Ford ita ce Chevrolet ta kamfanin General Motors. A 1929 Chevrolet ta fito da inji mai silinda shida a jere. Ku riƙe wannan injin da kyau, domin ya zo ƙasar nan da wata riga. Kamfanin Vauxhall na Ingila ya zama mallakar General Motors a 1925, kuma a 1931 ya fara ƙera manyan motoci da sunan Bedford, da inji wanda aka samo tsarinsa daga wancan na Chevrolet. Bedford ɗin da ta yi jigilar gyaɗa da auduga da fasinja a ƙasar Kano, wadda daga baya aka riƙa haɗawa a Apapa ta Legas, haihuwar Ingila ce amma kakanta Ba'amurke ne. Haka ma tsohuwar Land Cruiser mai fetur: injinta na farko a kan tsarin na Chevrolet aka yi shi, kuma a 1951 sunan da Toyota ta fara sa mata shi ne Toyota Jeep. Land Rover ma, gwajinta na farko a 1947 a kan ƙashin jif na soja aka ɗora shi. Saboda haka ko da ƙananan motocin Amurka ba su taɓa cika titunanmu kamar Fijo ba, wadda aka fara haɗawa a Kaduna a 1975, jininsu yana cikin motocin da muka tashi muka gani.

(Ɗan kiɗa)

Yanzu mu buɗe bonet. Nan ne nake so yaran gareji su ajiye sifana su saurara.

Abu na farko, ƙirga fulogi. Fulogi nawa, silinda nawa. Sannan ka duba yadda suka zauna. Idan layi ɗaya ne, injin a jere yake. Idan layi biyu ne, huɗu a dama huɗu a hagu, sun buɗe kamar gwafa, shi ne V8, kuma shi ne abin alfaharin Amurkawa.

Abu na biyu, duba kan injin. Idan ka ga kan a shimfiɗe yake kamar faranti, fulogi a tsaitsaye a samansa, babu murfin bawul, to tsohon tsari ne wanda bawul ɗinsa ke cikin gangar jikin injin. Ford ta fito da V8 irin wannan a 1932, mai ƙarfin doki 65, ta ci gaba da yin sa a Amurka har 1953. Ko a cikinsu akwai yaya da ƙane, kuma da ƙirga notin kai ake bambance su: na farko noti 21 ne a kowane kai, daga 1938 aka koma 24. Ka ga ba ka buɗe komai ba, ba ka kwance komai ba, amma ka san zamanin injin.

Idan kuwa akwai murfin bawul a sama, to an shigo sabon zamani. A 1955 Chevrolet ta fito da ƙaramin V8 wanda injiniya Ed Cole ya jagoranci aikinsa. A ganina babu injin mota da ya kai shi albarka, domin shi da 'ya'yansa an ƙera fiye da miliyan 100, an sa shi a ƙananan motoci da a-kori-kura da jiragen ruwa. Ford ta fito da nata ƙaramin V8 a farkon shekarun 1960. Daga nesa sun yi kama, amma kama da wane ba ta wane. Ga yadda za ka raba su. Nemi distirbita, wato wannan kwanon da wayoyin fulogi ke fitowa daga kansa. A injin Chevrolet yana can baya, kusa da gilashin gaba. A na Ford yana gaba, kusa da lagireto. Sai ka ƙirga notin murfin bawul: huɗu a ƙaramin Chevrolet, shida a ƙaramin Ford, biyar a ƙaramin V8 na Chrysler, wato gidan Dodge da Plymouth. Ka ƙara duba bututun hayaƙi a gefen injin. A Chevrolet biyun tsakiya manne suke da juna kamar tagwaye, a Ford kuwa huɗun sun raba tazara daidai.

Za ka ji wasu na cewa fenti ne shaida, wai ruwan lemo na Chevrolet, shuɗi na Ford. Haka kamfanonin suka yi a wasu shekaru, gaskiya ne. Amma fenti gwangwani ɗaya ne, kowa na iya saya ya fesa. Matsayin distirbita da yawan noti kuwa ba a sauya su da buroshi.

Akwai wani injin Chrysler da ake kira Hemi, wanda ya fara fitowa a 1951. Murfin bawul ɗinsa faffaɗa ne ƙwarai, kuma wayoyin fulogi ta tsakiyar murfin suke shiga. Wanda ya taɓa ganinsa sau ɗaya ba zai manta ba.

To ga injin nan mai jingina da na gani ana farfasawa. Na Chrysler ne, ya fito da motocin 1960, silinda shida a jere, an karkatar da shi digiri 30 zuwa gefe domin bonet ya yi ƙasa. Amurkawa sun san shi da juriya da rashin laulayi, irin injin da ake gaji da gangar jikin mota a bar shi yana aiki. Da wancan saurayi ya san haka, da ya san motar mahaifinsa 'yar gidan Dodge ce, da kuma ya yi tunani sau biyu kafin ya bari a auna ta da kilo.

Wani abin da ke rikita mutane shi ne lambobin da ake rubutawa a gefen mota ko a kan murfin iska, irin su 283 ko 302 ko 350. Ba shekara ba ce, ba kuma gudun motar ba. Girman cikin injin ne da ma'aunin inci. Kusan 61 ke yin lita ɗaya, saboda haka 350 na Chevrolet, wanda ya fito a 1967, lita 5.7 ne. Ka kwatanta da lita biyu ta Fijo 504, ka san irin man da zai sha. Shan man nan ne ya karya manyan motocin bayan tashin farashin mai na 1973. Su kuma masu injin dizal na Detroit, idan kun ga an rubuta 6-71, ma'anarsa silinda shida, kowace mai inci 71.

(Ɗan kiɗa)

Mu rufe bonet mu zagaya motar. Jif ta soja, wadda kamfanonin Willys da Ford suka ƙera fiye da 600,000 tsakanin 1941 da 1945, mafi yawanta tsaga tara ne a hancinta. Ta farar hula da ta biyo baya a 1945 tsaga bakwai ce, kuma har yau bakwai ɗin ce alamar Jeep. Waɗanda Ford ta ƙera, za ka tarar da harafin F an buga a kan sassa da yawa, har da kan wasu notuna. Idan ka ga mota mai dogayen fukafukai a baya kamar jelar kifi, ta tsakanin 1948 ce zuwa farkon shekarun 1960. Cadillac ce ta fara, kuma ta 1959 ta fi kowa tsini. Tirela ko tanka mai ɗan gunkin kare a kan hanci kuwa Mack ce, wadda direbobinmu suka sani sarai. Sojojin Ingila ne suka yi mata laƙabi da wannan kare a Yaƙin Duniya na Ɗaya saboda naci da ƙarfinta.

Sitiyari ma shaida ne a ƙasar nan. Har zuwa ranar 2 ga Afrilu, 1972, a hannun hagu ake tuƙi a Nijeriya, sitiyari yana dama. Motar Amurka mai sitiyari a dama, akwai alamar an yi ta ne domin kasuwa irin tamu kafin canjin hannu, kuma a wancan zamani Ford ta Kanada ce ke da hakkin sayar da motocin Ford a ƙasashen da Ingila ta mallaka. Wadda ta shigo ta Maraɗi ko Damagaram kuwa sitiyarinta na hagu tun asali, domin Nijar tsarin Faransa ta bi.

Yanzu ga abin da ya fi shafar aljihunka, ko da ba ka taɓa ganin Cadillac ba. Daga 1981 aka daidaita lambar shasi ta zama haruffa da lambobi 17. Tana ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren hagu, ana hango ta daga waje, tana kuma jikin ginshiƙin ƙofar direba. Babu harafin I ko O ko Q a cikinta, domin kada a rikita su da ɗaya da sifili. Idan ka ga ɗayansu a takarda, an yi kuskure ko an yi wasa da ita. Na farko a cikin 17 ɗin yana faɗin ƙasar da aka haɗa motar: 1 ko 4 ko 5 Amurka, 2 Kanada, 3 Meziko, J Japan, W Jamus. Da yawa daga cikin Camry da Accord da ke yawo tsakanin Kura da Kano, sunan ne na Japan, amma a Amurka aka haɗa su, Camry a jihar Kentucky, Accord a Ohio. Ka je ka duba taka bayan shirin nan. A motocin da aka yi wa kasuwar Amurka, na goma shi ne shekara. B ita ce 1981, a bi haruffa har Y ta zama 2000, ana tsallake I da O da Q da U da Z. Daga nan lamba 1 zuwa 9 su ne 2001 zuwa 2009, sai A ta dawo a 2010. Dillali zai iya sauya fitila da bamba ya ce maka motar ta 2010 ce. Kai dai ka sa yatsa ka ƙirga zuwa na goma. Idan 5 ka tarar, ta 2005 ce, kuma kuɗin 2005 za ka biya. Hukumar kwastan ma a 2022 ta fara ƙiyasta harajin mota da wannan lambar.

Motar da ta girmi 1981 lambarta ta fi gajarta, kowane kamfani da nasa tsari, kuma tana kan ɗan faifan ƙarfe a ginshiƙin ƙofa ko a bangon da ya raba inji da direba. Wannan faifan shi ne takardar haihuwar motar. Don Allah mai fenti kada ka shafe shi, mai walda kada ka ƙona shi. Injin ma yana da lambobi iri biyu: wadda aka zubo tare da ƙarfen, mai tudu, da wadda aka buga da guduma, mai rami. A ƙaramin V8 na Chevrolet mai tudun tana baya ta hagu, inda inji ya haɗu da giya, mai ramin kuma tana gaba ta dama a kan wani ɗan dandamali. Idan datti ya rufe, a wanke da kananzir da tsumma, a shafa alli, lambar za ta fito. Kada a sa fayil ko injin gurza, domin abin da aka gurje ya tafi ke nan. Ka ɗauki hotonta da waya kafin ka kama hanyar kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano neman kaya. Kuɗin mota zuwa Kano sau biyu saboda gaskit da bai hau ba, a lokacin da gona ke jiran ruwa, asara ce da hoto ɗaya zai hana. Wannan dabi'a ta shafi tarakta da injin ban ruwa da injin casar shinkafa, duk suna da faifansu.

Kada kuma ka ɗauka injin da ke cikin tsohuwar mota lallai nata ne. A Kyuba, inda aka daina shigar da motocin Amurka tun farkon shekarun 1960, har yau Chevrolet da Ford na shekarun 1950 suna ɗaukar fasinja a birnin Havana, da yawansu da injin dizal na wata ƙasa a ciki. Kanikawanmu ma gwanaye ne a wannan dashe, kuma ina jinjina musu. Sai dai mai saye ya duba shasi daban, ya duba inji daban.

Gargaɗi biyu ga mai gyara. Notunan tsofaffin motocin Amurka da inci aka auna su. Rabin inci milimita 12.7 ne, saboda haka sifana mai lamba 13 za ta hau, amma da ɗan sako-sako, kuma idan notin ya yi tsatsa sai ta cinye masa kai. Maigidan gareji da ke karɓar irin wannan aiki ya nemi saitin inci ya ajiye. Na biyu, wutar motocin kafin tsakiyar shekarun 1950 bolt 6 ce. Chevrolet ta koma 12 a 1955, Ford a 1956, kuma a tsohuwar Ford mai bolt 6 kan batir mai alamar tarawa ne ake haɗawa da jikin mota, akasin abin da muka saba. Wanda ya ɗauko batirin yau ya jona yadda ya saba zai ƙona fitilu da agogunan motar cikin ƙiftawar ido.

Ba na so wani ya kashe rediyo ya tafi yana lissafin miliyoyi a kan gwangwanin da ke bayan gidansu. Yawancinsu tsatsa ta gama da su, kuma masu tara irin waɗannan motoci abin da suke nema shi ne wadda injinta da lambobinta suka dace da juna. Amma da tsohuwar zuma ake magani. Ko gangar jiki ta mutu, kan inji ko kafireto ko akwatin giya na iya tayar da wata motar. Roƙona ga magada shi ne, kafin a kira mai sikeli, a kira tsohon bakanike ko tsohon direba a unguwa ya duba. A ɗauki hoton motar ta gaba da ta gefe, a ɗauki hoton faifan, a rubuta sunan mai ita da hanyar da ta riƙa bi da kayan da ta riƙa ɗauka. Dattawan da suka tuƙa Bedford da Dodge a hanyar Kano zuwa Zariya suna nan da sauransu a Madobi da Kura, kuma da jin ƙarar inji daga nesa suke faɗin sunan mota. Samari, ku je ku zauna da su da yamma, ku tafi da littafi da biro.

Lokaci ya cimma mana. Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu.

(Kiɗan rufe shiri)